Miura, motar da tarakta ta haifa

Wata ranar Alhamis ina gyaran kayen ɗalibaina na ajin CM2, sai na iske zanen mota a shafin ƙarshe na kayen lissafin wani yaro. Ya ɓata lokaci a kanta fiye da wanda ya ɓata a kan aikin da na ba shi. Ga ta nan kwance da ƙasa kamar kada, ƙofofi a ɗage sama, a ƙarƙashi kuma ya rubuta "Lamborgini", ya cinye harafi ɗaya. Washegari na kira shi na ce, wa ya ƙera wannan? Ya ce ta wani ɗan ƙwallo ce. Na ce ba mai ita na tambaye ka ba. Ya yi shiru, can sai ya faɗa mini kuɗinta, wai ya gani a wayar yayansa.

Da na ba abokin aikina labari a lokacin hutun ƙarfe goma, dariya ya yi. Ya ce: "Mushe, yaran da ke zaune su huɗu a benci ɗaya, me ya haɗa su da abin wasan attajiran Turai? Da ka yage shafin kawai." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi musu ba cewa motar abin wasan masu kuɗi ce. Amma ina ganin shi da yaron kuskure ɗaya suka yi. Yaro ya dubi kuɗin ya yi sha'awa, malami ya dubi kuɗin ya yi tsaki, babu wanda ya tambayi hannun da ya yi aikin. Motar da yaron ya zana tana da kaka, sunanta Miura, an fara nuna ta a 1966. In aka bi labarinta tun daga tushe, gona za a fara tararwa kafin gidan attajiri.

An haifi Ferruccio Lamborghini a 1916 a ƙauyen Renazzo, kusa da garin Cento a arewacin Italiya. Iyayensa manoman inabi ne. Tun yana yaro hankalinsa ya fi karkata ga injunan gona fiye da gonar kanta, sai aka sa shi makarantar koyon sana'a ta Fratelli Taddia. A yaƙin duniya na biyu an tura shi tsibirin Rhodes, inda ya yi aikin gyaran motocin soja. Da yaƙi ya ƙare ya dawo gida ya iske abu biyu: manoman da ba su da tarakta, da tarin motocin yaƙi da aka yasar. Ya riƙa sayen waɗannan tarkace yana kwance su yana haɗa tarakta. Ta farko, wadda ya kira Carioca, injin motar Morris ta Ingila ne a cikinta, ya kuma ƙara mata wata dabara tasa, a tashe ta da fetur sannan ta koma shan man da ya fi araha. A 1948 ya kafa kamfanin tarakta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin da ake haɗa mota ɗaya daga gawar motoci uku ya san irin wannan mutumin.

Tarakta ta ba shi arziki, daga baya ya ƙara da ƙera na'urorin ɗumama ɗaki da na sanyaya shi. Ya shiga sayen motoci masu tsada, har da Ferrari. Labarin da ya shahara shi ne kulocin Ferrari ɗinsa ya yi ta ba shi wahala, ya je Maranello ya kai kuka wajen Enzo Ferrari, shi kuwa ya sallame shi da cewa ya tsaya ga taraktarsa. An sha ba da wannan labari da gishiri iri-iri, shi kansa Ferruccio yana jin daɗin maimaita shi. Abin da ke a rubuce shi ne a 1963 ya buɗe masana'antar motoci a Sant'Agata Bolognese, tsakanin Bolonya da Modena, ya kuma sa Giotto Bizzarrini, tsohon injiniyan Ferrari, ya tsara masa inji mai silinda 12. Burinsa mota ce ta tafiya mai nisa, mai ƙarfi, marar hayaniya, wadda dattijo zai shiga da kwat ɗinsa ya fita bai yamutse ba. Tsere kuwa ya hana. Shi da kansa ya taɓa shiga tseren Mille Miglia a 1948 da wata ƙaramar Fiat da ya gyara, ya ƙare tafiyar a cikin bangon wani gidan abinci.

To amma samarin da ya ɗauka aiki tsere ne a ransu. Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani, injiniyoyi biyu, duk haihuwar 1936 ne. Bob Wallace, makanike kuma direban gwaji da ya zo daga Niyu Zilan, haihuwar 1938. A 1965 suka riƙa zama bayan an tashi daga aiki suna zana wata mota dabam, wadda injinta zai zauna a bayan direba, gaban tayoyin baya.

Wannan wurin zama na inji shi ne dukan zancen, kuma mai amalanken jaki ya san shi ko da bai taɓa shiga aji ba. In ya tula buhuna a gaba, nauyi ya danne jaki. In ya tula su a baya, sanduna su ɗaga, wani lokaci har da jakin. Don haka a kan tayoyi yake daidaita kaya. A jikin mota babu abin da ya kai inji nauyi. In yana can gaba, hancin mota ya yi nauyi, a kwana sai ta nemi zarcewa, tayoyin baya masu tura ta kuma ba su da abin da zai danne su da ƙasa. In aka dawo da shi tsakiya, nauyi ya rabu daidai, mota ta juya a kan cibiyarta, tayoyin baya su kama hanya. Masu tsere sun riga sun gane haka: a 1959 Jack Brabham ya ci gasar Formula 1 da ƙaramar motar Cooper mai inji a baya. Ana jingina wa Enzo Ferrari cewa a gaban amalanke ake ɗaure doki, amma a 1961 shi ma ya mayar da injin motar tserensa baya, ya kuma ci gasar. Sai dai a manyan motocinsa na kan titi ya bar dokin a gaba har wasu shekaru.

A nan sai na gyara wata magana da nake yawan gani a intanet, wai Miura ce motar titi ta farko mai inji a tsakiya. Ba ita ba ce. Faransawa sun riga su da Djet ta René Bonnet a 1962, a Italiya ma De Tomaso ya yi Vallelunga. Amma waɗannan ƙananan injuna ne masu silinda huɗu. Matsalar samarin Sant'Agata ita ce nasu injin dogo ne, silinda 12, kusan lita huɗu. In aka kwantar da shi a tsaye bayan direba, mota za ta yi tsawo fiye da kima. Sai suka gicciye shi, suka haɗa shi da akwatin giya cikin zubi ɗaya, suna shan baƙin mai ɗaya. Dabarar kuwa daga Mini suka aro ta, ƙaramar motar talakawan Ingila. Ina son wannan ɓangare na labarin. Motar da sarakuna za su yi layi a kanta, daga motar ƴan kasuwa da malaman makaranta ta koyi zama.

Ferruccio ya ga zanen bai hana ba. A ganinsa ko ba a sayar da yawa ba, za ta yi wa kamfani talla. A watan Nuwamba na 1965 suka kai ta baje kolin motoci na Turin tsirara, shasi da inji da tayoyi kawai, babu jiki. Mutane suka fara ba da oda a kan ƙwarangwal. Aka miƙa aikin ɗinka mata riga ga kamfanin Bertone, inda wani saurayi mai shekara 27, Marcello Gandini, ɗan wani shugaban ƴan kiɗa, bai daɗe da kama aiki ba. Cikin wata huɗu, a Maris na 1966, motar ta bayyana a baje kolin Jeneba. A ranar babu ko ɗaya cikin mutum huɗun nan da ya cika shekara 30.

An kira ta P400, wato inji a baya mai lita huɗu. Sunan Miura kuma na wani gidan makiyaya ne a kusa da Sebiya ta ƙasar Sifen, masu kiwon bijiman faɗa. Ferruccio ya ziyarce su a 1962, bijimi ne ma tambarin kamfaninsa. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi mita ɗaya ne da ƴan santimita, yaron ajin CI ma zai iya leƙa samanta. Ƙarfin injinta na farko dawaki 350, na samfurin S ya kai 370, na SV da ya fito a 1971 ya kai 385. Kamfanin ya ce tana gudun kilomita 280 a awa. Na sa ɗalibai sun lissafa: daga Maraɗi zuwa Damagaram ba za ta cika awa ɗaya ba, in da hanyar miƙaƙƙiya ce babu rami, babu shanu, babu tudun rage gudu. Da akwai su kuwa, ko Tasawa ba za ta kai ba. Daga 1966 zuwa 1973 an ƙera guda 760 da ƴan kai.

Masu yabonta a yau suna magana kamar ba ta da aibi. Tana da shi, kuma ba kaɗan ba. An sa tankin mai a gaba, don haka duk lokacin da mai ya ragu sai hanci ya yi sako-sako, ga siffar jikin kuma tana barin iska ta shiga ƙarƙashi. A babban gudu direba yakan ji sitiyari ya yi masa sauƙi a hannu, abin da ke nufin tayoyin gaba sun fara rabuwa da ƙasa. Wato kuskuren mai amalanke ne suka gyara ta wajen inji, suka sake yin sa ta wajen tanki. Kaburetoci huɗu na Weber da ke kan injin sukan tara fetur in mota ta daɗe a tsaye inji na aiki, kuma Miura da dama sun kama da wuta. Baƙin man da inji da giya ke sha tare yana kwaso ɓarɓashin ƙarfe daga haƙoran giya ya kai shi cikin inji. Sai a SV na ƙarshe-ƙarshe aka raba musu kwano. Shasin na farkon yana lanƙwasa, sai da aka ƙara wa ƙarfen kauri. Cikin motar zafi da ƙara, don tsakanin ƙeyar direba da injin gilashi ne kawai. Oda ta yi yawa, lokacin gwaji ya yi kaɗan, sai masu saye suka zama ƴan gwaji da kuɗinsu. Sarkin Iran na lokacin ya saya, Frank Sinatra ya saya, Miles Davis mai busa ƙaho ya saya ya yi hatsari da ita a 1972 ya karye a ƙafafu biyu.

Ni a wajena waɗannan aibobi ba su rage mata daraja ba, su ne ma suka sa nake iya kawo ta cikin aji. Abin da aka nuna wa yaro a matsayin cikakke, sai dai ya kalla ya haɗiye yawu. Abin da aka nuna masa da kurakuransa, da yadda aka bi su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara bakwai ana gyarawa, wannan aikin mutane ne irinsa.

Sai dai kada mu ruɗu da daɗin labarin samari uku da aikin dare. Masu wa'azin "in ka sa kanka za ka iya" suna son irin wannan labari, don yana ɗora komai a kan zuciyar yaro. Da aka ɗauke Dallara da Stanzani da Wallace aka ajiye su a wani wuri su kaɗai, da zane kawai za su yi, kamar ɗalibina. Sun iske inji a shirye, wanda kuɗin tarakta ya biya. Sun iske masu zubin ƙarfe, da masu walda, da kamfanin Marchesi na Modena da ya haɗa musu shasi, da maƙeran Bertone masu buga faifan ƙarfe da guduma a kan siffar katako har ya zama jikin mota. A cikin tafiyar awa guda daga Sant'Agata akwai Ferrari a Maranello, Maserati a Modena, Ducati a Bolonya, da ɗimbin ƙananan bitoci da ke yi musu aiki. Dallara ya karanta injiniyancin jiragen sama a Milan, ya yi aiki a Ferrari da Maserati kafin ya zo. Stanzani ya fito daga jami'ar Bolonya. Wallace kuwa da sifana ya koyi nasa. Mai takarda da mai sifana suna tebur ɗaya, kowa yana sauraren ɗan'uwansa. A bayansu kuma akwai makarantu: Bolonya tana da makarantar sana'a ta Aldini-Valeriani tun ƙarni na 19, Enzo Ferrari kuma a 1963 ya gina makarantar koyon sana'a a Maranello da sunan ɗansa da ya rasu. Mutumin da ake cewa ya raina mai tarakta, shi ma ya san ba da injiniyoyi kaɗai ake ƙera mota ba.

Kamfanin kansa bai ji daɗi ba bayan Miura. A farkon shekarun 1970 ƙasar Bolibiya ta soke wata babbar odar tarakta bayan juyin mulki, uwar da ke shayar da motar ta kwanta ciwo. Ferruccio ya rabu da kamfanin tarakta, ya sayar da kashi 51 na kamfanin motoci a 1972, sauran a 1974, bayan tashin farashin mai ya kashe kasuwar motoci masu shan fetur. Ya koma wata gona kusa da tafkin Trasimeno ya ci gaba da noman inabi, sana'ar ubansa, har ya rasu a 1993. A 1978 kamfanin ya karye. Waɗanda suka tashe shi a farkon shekarun 1980 su ne ƴan gidan Mimran, waɗanda a lokacin suke da kamfanin sukari na Richard-Toll a Senegal da injunan niƙan fulawa a Dakar da Abidjan, don haka akwai gumin yankinmu a cikin wannan tarihi ko da ba a faye faɗa ba. Daga hannunsu ya koma na Chrysler a 1987, sai wasu ƴan Indonesiya a 1994, sai Audi ta Jamus a 1998.

Suna ya yi ta canja hannu kamar goron biki. To ina gadon yake? Wani kaso yana cikin ɗakunan masu tara tsofaffin motoci, inda Miura ɗaya kan wuce dala miliyan biyu a gwanjo. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Fiye da miliyar ɗaya ke nan na kuɗinmu. Galibinsu ba a hawa, ana goge su ne ana jiran farashi ya ƙaru. Wannan kason ne wayar yayan ɗalibina ke nunawa, kuma a kansa abokin aikina yana da gaskiya, babu ruwanmu da shi.

Ɗaya kason ya bi mutanen. Gandini ya ci gaba ya zana Countach, wadda daga ita ne ƙofofi masu ɗagawa sama suka zama alamar Lamborghini, ya zana Lancia Stratos, ya kuma zana motocin da talaka ya hau, irin su Citroën BX da Renault Supercinq. Ya rasu a 2024. Dallara ya koma ƙauyensu, Varano de' Melegari kusa da Parma, ya buɗe nasa wurin a 1972. A yau shasin duk motocin tseren IndyCar na Amurka daga kamfaninsa yake fitowa, haka na Formula 2 da Formula 3, kuma a 2018 ya buɗe wurin koyarwa a gefen masana'antar, inda yaran makaranta ke zuwa su taɓa abubuwa da hannunsu. Bai mallaki sunan Miura ba, amma abin da ya koya a wajen ƙera ta, har da kurakuran, ya ciyar da ƙauye guda sama da shekara hamsin.

Abin da ke damuna a matsayina na malami shi ne yadda mu muke raba yara. A makarantar horon malamai an koya mana aikin hannu a matsayin darasi, amma a aji shi ne na farko da muke yankewa in lokaci ya ƙure. A ƙarshen shekara, yaron da ya ci jarrabawa mu ce ya wuce kwaleji, wanda ya faɗi mu ce wa ubansa a kai shi gareji ko cibiyar koyon sana'a, da muryar da ake yin ta'aziyya. Na faɗi wannan magana da bakina ga iyaye fiye da sau goma, kuma ban taɓa faɗa wa uban yaro mai ƙoƙari haka ba. Sakamakon shi ne mai lissafi bai san nauyin sifana ba, mai sifana kuma an riga an gaya masa shi ba mai lissafi ba ne, ga shi kuwa aikin yana buƙatar su zauna tare. Ba ina cewa Maraɗi za ta ƙera Miura ba, ba ma buƙatarta. Ferruccio ma ba da ita ya fara ba, da abin da manomin ƙauyensu ke nema ya fara. Muna da masu haɗa injin niƙa da injin ban ruwa da amalanke a kowace kasuwa, kuma da wuya ka ga malami ya kai ajinsa wajensu.

Ban yage shafin ba. Ranar Litinin na fitar da ajin bakin ƙofar lakwal, na roƙi wani mai amalanke da ke kawo bulo ya tsaya mana. Na ce: "Baba, nuna musu abin da zai faru in aka mayar da kayan nan baya." Ya matsar da bulo shida, sanduna suka ɗaga, jaki ya yi tsaye a kan ƴan yatsu, yara suka fashe da dariya. Da muka koma na zana Miura a allo, na yanke ta ta gefe, na nuna musu inji a tsakiya da tanki a gaba, na ce su nemo abin da zai faru in mai ya ƙare, su kuma gyara. Mai zanen nan ya zo da nasa washegari. Ya raba tankin biyu, ya sa ɗaya a dama ɗaya a hagu, tsakanin tayar gaba da ta baya. Nan ne Stanzani ya sa su a Countach. Aikin lissafin da na ba shi tun ranar Alhamis kuwa, har yanzu bai kawo ba.